Yaya Rafi'u da Ciyawa Mai Zuma

Idan ka taɓa wucewa ta layinmu a unguwar Waziriyya ta Jidda da safe ka ji kamar ana faɗa a saman bene, kada ka wahalar da kanka da zuwa rabo. Yayana Rafi'u ne yake gaisawa da wani a waya. Haka Allah ya yi shi. Mahaifiyarmu takan ce ranar da aka haife shi a Mai Wurno ba a aika kowa sanarwa ba, shi ya sanar da gari da kansa.

Ni ce ƙanwarsa Latifatu, ɗinki nake yi, kuma ɗakina yana ƙarƙashin nasa daidai, saboda haka babu mahalukin da ya kai ni sanin muryar nan. Na san ranar da sha'ir ya yi wuya a kasuwa, na san direban da ya makara, na san lokacin da shayinsa ya yi sanyi. Sau nawa na ɗauki sandar tsintsiya na buga silin, sai ya leƙo ta taga ya ce, "Latifatu, lafiya kike buga mana gida? Kina damun mutane!"

Yana saurayi ya baro Sudan ya zo Umara tare da wani kawunmu. Kawu ya koma, shi ya tsaya. Kafilinsa na farko, wato ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, mai tumaki ne, sai ya fara da sharar garke, daga nan aka sa shi rabon abinci, daga rabon abinci ya koma sayarwa. Yau yana da nasa hoshin, wato fili mai katanga da rumfuna, can kudu da gari inda gidaje ke ƙarewa. Rabin wurin damman ciyawa ne, rabi tumaki. A kasuwar dabbobi ba kowa ya san sunansa na yanka ba, Abu Barsim suke ce masa, saboda barsim ɗin da yake sayarwa, ciyawar nan mai ɗanyen ganye da dabbobin ƙasar nan suka fi so.

Yana da hanyarsa ta sayen ciyawa, kuma ya mayar da ita abin kallo. Zai sa a fasa dami, ya tura hannu har gwiwar hannu, ya zaro daga tsakiya. Ya shinshina. Ya tauna kara ɗaya yana kallon sama kamar mai tuna wani abu, ya tofar, sannan ya yanke hukunci yadda duk kasuwa za ta ji: wannan an yanka ta da raɓa, waccan ta kwana a rana, wannan kuwa ko jaki ya ba shi sai ya nemi gafara. Gaskiya kuma yakan dace. Ni dai ban taɓa gaya masa haka ba, don kansa ba ya bukatar ƙarin girma.

Tumakin da suka bi ta hannunsa ba su ƙirguwa, kuma bai taɓa sa wa ko ɗaya suna ba. Yakan ce shi ɗan kasuwa ne, ba uban raguna ba. Sai Hajja.

Wata shekara yana kai tumaki Makka a wanet ɗinsa, motar ɗaukar kaya, wata tunkiya ta haihu a bayan mota, ta mutu a hanya ta bar 'yar. Duk wani mai hankali da ya ba makiyayi ita ya huta. Shi kuwa sai ya naɗo ta a rawaninsa ya hau da ita bene, ya sa matarsa Jamilatu ta nemo kwalbar madarar jarirai. Da yake a hanyar Makka aka haife ta, maƙwabta suka sa mata Hajja, sunan ya zauna. A kan matakalar gidanmu ta koyi tafiya. Ta ci gefen labulena, ta ci rabin yadin wata amarya da aka kawo min ɗinki, da na kai ƙara ya ce ai yarinya ce. Da ta girma aka mayar da ita hoshi, ta zama uwar garke, duk inda ta sa kai nan sauran ke bi. Ko a lokacin Layya, da mutum zai iya sayar da inuwar tunkiya ma, an taya ta ya ƙi.

Abin da ke tsakaninsu kuwa murya ce. Da ya tsayar da mota a bakin hoshi zai buɗe maƙogwaro ya ce, "Yaa Hajjaaa!" Duk inda take sai ta zabura, ta tsallake kwanon ruwa, ta ture raguna, ta zo ta cusa hanci a aljihunsa na dama. A nan yake ajiye mata ɗan abin daɗi. Tun tana ƙarama haka suke yi, har ta tsufa ba su fasa ba.

Autarsa Wejdan a nan Jidda aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, musamman idan zaginta ake yi, amma in za ta mayar sai ta fara da Hausa ta ƙare da Larabci. Tana aure a unguwar Safa, tana aiki a wani ɗakin gwaji inda ake duba iri da tsirrai. Uban yana ji da ita, sai dai aikin nata bai taɓa shiga kansa ba. Duk Juma'ar da muka taru sai ya ce, "Shekara da shekaru a jami'a don a koyi duba ciyawa! Ni da hancina na koya, ko alƙalami ban saya ba." Ita kuma ta ce, "Tayyib, Abuya, Allah ya bar maka hancin," ta ci gaba da shan shayinta.

To, bara ne wani mutum ya kawo masa 'yan dammai, ya ce ragowar abincin dabbobin da suka zo a jirgin ruwa ne daga wata ƙasa mai nisa. Ba barsim ba ce. Siririyar ciyawa ce busasshiya, mai kawuna cike da tsaba, kuma a jikin wasu kawunan akwai wani abu rawaya da ya bushe yana ƙyalli. Yaya ya fasa, ya shinshina, ya tauna, ya tofar, ya ce wannan ciyawa ce mai zuma, bai taɓa ganin irinta ba. Ya saye duka ya tura su bayan rumfa ya rufe da tamfol. Wanda duk ya tambaya sai ya ce ba ta sayarwa ba ce, ta fi ƙarfin tumakin mutane. Ko nasa tumakin bai ba su ba. Kullum da safe zai zauna ya tsinke kawunan, ya zaɓi waɗanda suka fi rawaya, ya cika aljihu.

Muna da al'adar zuwa hoshi ranar Juma'a bayan La'asar, mu shimfiɗa tabarma a inuwar dammai, Jamilatu ta dafa gahawa. Wata Juma'a mun riga shi isa, ya tsaya sayen burodi. Muka ji tsayuwar mota, muka ji kira. Hajja ta zabura kamar yadda ta saba, amma gudun ba nata ba ne. Tana ɗaga ƙafafun gaba sama-sama kamar mai tsallaka ruwa, kai yana gyaɗawa. Kafin ta kai ƙofa ta yi tangaɗi ta faɗi ta gefe, wuya ya sandare ya koma baya, ƙafafu suna shure iska, kumfa a baki.

Yaya ya watsar da burodi ya yi kanta yana ihu. Yana ƙara kiran sunanta tana ƙara shure-shure. Jamilatu tana salati, ni ina zuba ruwa ban ma san inda nake zubawa ba. Can da ya gaji ya yi shiru yana haki, sai jikinta ya saki. Jim kaɗan ta miƙe, ta girgije, ta tafi kwano ta sha ruwa kamar ba ita ba.

Nan fa kowa ya zama likita. Jamilatu ta ce baki ne, kuma shi ya jawo, tunda ba ya iya sayen ko tumatir bai ba mai kanti labarin Hajja ba. Ni na ce tsufa ne. Shi ya ce zafi ne, ya sa aka ɗaura mata fanka. Washegari abin ya sake faruwa, kuma daidai lokacin da ya kira ta. Sai ya ɗauko Dakta Hamad, likitan dabbobin da suka daɗe tare.

Dakta Hamad ya duba ido, ya duba baki, ya ɗebi jini, ya ce abubuwa da yawa na iya kawo haka. Ya tambaya, "Me take ci, ya Abu Barsim?"

Yaya ya ce, "Abin da sauran ke ci. Barsim, sha'ir, ruwa mai kyau."

Ba ƙarya ya yi niyya ba. A wurinsa abin aljihu ba abinci ba ne, alawa ce, kuma wa ke lissafa alawa idan likita ya tambaye shi abin da ya ci? Dakta ya yi mata allura ya tafi. Da yamma, don ya lallashe ta, Yaya ya ninka mata alawar.

Ranar da Wejdan ta zo, Hajja ta riga ta rame, faɗuwar kuma ta yawaita. Muna zaune jugum a tabarma, Wejdan tana kallon garke. Ta ce, "Abuya, lesh, me ya sa ita kaɗai? Ruwansu ɗaya, akil ɗin da suke ci ɗaya. In ciwo ne mai yawo, da wani ya kama."

Ya ce, "In na sani zan zauna nan ina kallon ki?"

Jamilatu, wadda ba ta rasa abin mita ko a gidan makoki, ta ce, "Ni dai in ta warke ka daina cika min aljihu da ƙaiƙayi. Injin wankina ya toshe sau biyu, ga wani rawaya da ba ya fita a farar jallabiya."

Wejdan ta ajiye kofi. Ta miƙa hannu ta ce, "Warrini. Nuna min aljihun."

Ya zaro cike da hannu yana alfahari, ya fara ba ta labarin zuma. Ba ta saurare shi ba. Ta murje kawunan a tafin hannu, ta zuba tsabar a kan farin faranti na gahawa, ta kunna fitilar waya ta haska ta ƙasa. Muka haɗa kai muna kallo. Wasu tsabar cikakku ne, lafiyayyu. Wasu sirara ne, baƙaƙe. Wasu kuma rawaya kamar ɗorawa.

Ta nuna baƙaƙen da rawayan ta ce, "Waɗannan ba tsaba ba ne. Abuya, ka ci?"

"Na tauna, na tofar. Aikina ne."

"La ilaha illallah! Khalas, daga yau ba ka taunawa, kuma ita ba ta ci. Ko ɗaya, fahamt?" Ta nemi leda ta ƙulle abin da ke farantin, ta je bayan rumfa ta ɗebo daga dammai daban-daban. Kafin mu tashi ta kira Dakta Hamad, suka daɗe suna Larabcin da ya fi ƙarfina.

Da Dakta ya dawo bai yi wa Yaya faɗa ba, hular kansa kawai ya gyara ya dube shi. Ya ce in abin da Wejdan ke zato ne, to dafi ne da ke taruwa a jiki a hankali yana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ba shi da wani maganin da zai rubuta ya ce a saya. A raba ta da ciyawar, a sa ta a inuwa ita kaɗai, ruwa da abinci a kusa da bakinta. Ko an daina ba ta, dafin da ya riga ya shiga zai ci gaba da aiki na wani lokaci. Abu mafi muhimmanci, kada wani abu ya zaburar da ita. Duk abin da ya tayar mata da hankali, na tsoro ko na murna, shi ke kawo faɗuwar, kuma a cikin faɗuwar nan akwai wadda ba a tashi.

Ya tambaya, "Mene ne ya fi zaburar da ita?"

Ni da Jamilatu da Wejdan muka juya muka dubi Yaya.

Ya ce, "To, sai in riƙa yin raɗa." Ya gwada. Wallahi wani ɗan Yaman da ke hoshin maƙwabta ya amsa masa ta bayan katanga. Dakta ya girgiza kai ya ce ba raɗa ba, shiru gaba ɗaya, kuma kada ta gan shi ma, tunda ganinsa kaɗai ya isa ta taso da gudu.

Na so in yi dariya, kuma na yi, ban ɓoye ba. Mutumin da ko a sahun salla aminsa ke fita daban, an ce ran tunkiyarsa yana cikin ya rufe baki.

Ya kuwa rufe. Ya koma ajiye mota can nesa da hoshi, ya tako da ƙafa, ya cire takalmi a ƙofa. Masu sayen ciyawa sai ya tare su a waje, a yi ciniki da yatsu. Wani tsohon abokin cinikinsa ya ƙi saye, ya ce barsim ɗin da Abu Barsim bai yi ihu a kanta ba akwai abin da ke damunta. An keɓe Hajja a wata rumfa ta kwano, Jamilatu ce ke kai mata abinci. Shi kuwa ya sami wata 'yar huda ta ƙusa a jikin kwanon, nan yake durƙusawa ya sa ido ɗaya, ya daɗe. Wani lokaci iska ta kai mata ƙanshinsa, ta ɗaga kai tana neman ta inda zai ɓullo, sai ya ja da baya a kan gwiwoyi.

Babu wanda ya ce ya yi shiru a gida, Waziriyya ina, hoshi ina. Amma shirun ya biyo shi. Maƙwabta suka fara ƙwanƙwasa min ƙofa suna tambaya ko an kwantar da Abu Barsim a asibiti. Mai kantin ƙasa ya ce ya makara buɗe shago don babu abin da ya tashe shi. Ni da na yi shekaru ina roƙon Allah ya kawo min sauƙin muryar nan, sai ga ni zaune gaban keke na kasa ɗinki, ina sauraron silin. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na ji tsoro, don ban taɓa sanin Yaya na iya karyewa ba.

Ana cikin haka Wejdan ta zo gidan da hoton bidiyo a wayarta, na abin da ta gani a madubin ƙara girma. Ta zaunar da mu. Ta ce ta jiƙa baƙar tsabar nan a ruwa, ta fasa ta. Muka ga wasu abubuwa kamar zaren farin ɗinki sun fito a dunƙule, can sai suka fara motsi, suna lanƙwasa.

Yaya ya matso da fuska. A hankali ya ce, "Rai gare su?"

Ta ce, "Aiwa. Tsutsa ce, ido ba ya gani. Tana kwana a ƙasa, in ciyawa ta tsiro sai ta hau, ta shiga inda tsaba za ta fito, ta yi gida. Shi ne baƙin nan. Tana iya bushewa a ciki zaman tawil, shekara da shekaru, in ta ji ruwa ta farka."

"To ita ce dafin?"

"La. Ita mota ce kawai." Ta ce akwai wata ƙwayar bakteriya da ke manne wa jikin tsutsar, don ita ba ta iya shiga ciyawa da kanta. In an shigar da ita sai ta yaɗu ta ƙwace gidan, ta cika shi, har ta malalo waje ta bushe. Shi ne rawayan nan mai ƙyalli.

Jamilatu ta ce, "Zumar kenan."

Wejdan ta ce sai dai ba a yanke hukunci da launi. Bakteriyar tana da 'yan uwa masu rawaya irin nata, kuma ba dukkansu ke yin dafi ba. Ga ta da nawar tsiro a farantin gwaji, in ka tsaya jiranta sai ka tsufa. Don haka sun markaɗa rawayan sun sa a na'urar da ke karanta asalin halitta, ita za ta faɗi ko mai dafin ce ko 'yar uwarta. Yaya ya kama wannan magana da hannu biyu. Ya ce to ai wataƙila 'yar uwar ce, wataƙila zafi ne dai kamar yadda ya faɗa tun farko. Wejdan ta dube shi, ta ce, "Yimkin, Abuya," wato wataƙila. Ni na san ba ta yarda ba, shi ma ya sani.

Da sakamakon ya fito ba ta faɗa a waya ba, da kanta ta zo. Ina wurin. Ta zauna kusa da shi ta ce mai dafin ce, an maimaita gwajin, haka ya sake nunawa. Kuma dafin ya fi taruwa a kawunan da suka fi rawaya.

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa na dama. Ya ce, "Su nake zaɓar mata. Ɗaya bayan ɗaya."

Wejdan ta ce, "Ma kunt ta'rif. Ba ka sani ba."

Ma'aikatan da abin ya shafa suka zo suka kwashe damman a rufe, suka share wurin tas. Babbansu ya tambaye shi mutum nawa ya sayar wa, don a bi sawu. Yaya ya girgiza kai, ya nuna rumfar kwano da yatsa. Mutumin ya ce alhamdu lillahi, rowarsa ta tsare garken mutane da yawa. A wata rana da wannan magana ta ishi Yaya abin ba da labari har shekara. Ranar ko murmushi bai yi ba.

Da yamma ya sauko ɗakina da jallabiyoyinsa a kafaɗa, ya zube su kan keke. Ya nuna aljihun dama, ya yi alamar ɗinki da yatsu. Na ce, "Yaya, a nan ai kana iya magana." Ya ce, "Ki toshe su duka." Na so in ja, na dubi fuskarsa, na zare zare. Na toshe su ɗaya bayan ɗaya yana tsaye a kaina.

Hajja ta sake faɗuwa a kwanakin farko, sau ɗaya don wata babbar mota da ta yi ham a titi, kuma Jamilatu ta ce a ranar ta ɗauka an gama. Yaya yana bayan kwano yana kallo ta huda, ya cusa gefen rawani a baki ya cije. Hajja ta tashi. Daga nan faɗuwar ta fara nisa da juna, sannan ta ɗauke. Ta fara cin abinci sosai, ta fara tuƙa, har ta tunkuyi Jamilatu a gwiwa, abin da Jamilatu ta ce shi ne alamar lafiya ta farko da ta yarda da ita. Dakta Hamad ya ƙara musu lokaci don a tabbata, sannan ya ce Juma'a mai zuwa a buɗe mata, a gwada.

Muka taru, har da Wejdan. An shimfiɗa tabarma amma babu wanda ya zauna. Jamilatu ta buɗe rumfa. Yaya yana tsaye a bakin ƙofar hoshi ba takalmi, ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa. Abin da ya fito ban taɓa jin irinsa daga gare shi ba, wata 'yar siririyar murya ce. "Hajja."

Ta ɗaga kunne. Ba ta yi gudu ba. Ta tako a hankali, tana ɗan karkata gefe ɗaya, ta ratsa ta cikin raguna har ta iso gabansa. Ta kai hanci aljihun dama, ta tura, ta sake turawa. Ɗinkina ne, ba ya buɗewa. Ta ɗaga kai ta dube shi. Shi kuwa ya mayar da hannayensa baya ya haɗe su, hawaye na bin gemunsa.

Wejdan ta je ga damin barsim, ta tura hannu har gwiwar hannu ta zaro daga tsakiya, yadda ta ga ana yi tun tana yarinya. Ta ɗaga wa rana, ta juya, ta bincika ganye da kara. Sannan ta shinshina, ta zo ta kamo hannun ubanta daga baya, ta buɗe tafin ta zuba masa.

Da Hausa zalla ta ce, "Baba, ba ta. Na duba."

Ya miƙa hannun. Hajja ta sa baki ta fara ci, ganye na zuba ta gefe. Ya tsaya yana kallonta, yana kallon aljihun da ta jiƙa da hanci. Sai kawai ya manta da kansa, ya juyo ya buɗe maƙogwaro gaba ɗaya, irin wanda ake ji daga titi.

"Latifatu! Ina almakashinki?"

Tattabarun da ke kan rumfa suka tashi fir. Jamilatu ta dafe ƙirji, Yaya kansa ya toshe baki da ɗaya hannun, dukkanmu muka zuba wa tunkiya ido. Hajja ta ɗaga kai ta dube shi, ƙafafunta huɗu a ƙasa, ta mayar da baki cikin tafin hannunsa.